Wa Ya Sauke Ka?

Sai da na kwana 18 a Yawunde kafin a yi mini tambayar da ya kamata in yi wa kaina tun ina Kano. Ranar Juma'a ce, azumin 2023 bai fi kwana biyu da kamawa ba. An sauko daga masallaci a unguwar Briqueterie, wadda mazaunanta ke kira Birik, na tsaya a shagon wani dattijo tela in ba shi wandon da ƙusa ta yaga mini. Yana taka keke yana tambayata daga ina, yaushe na zo, wane aiki nake yi. Da na gama ba shi amsa sai ya ɗage ƙafarsa daga kan keken, ya dube ni ta saman tabarau.

"To, wa ya sauke ka?"

Na ce a otal nake.

"Ɗana, otal ba ya sauke mutum, kwana yake sayarwa. A hannun wa kake?"

Ba ni da amsa. Ya ƙarasa ɗinkin, ya ƙi karɓar kuɗi, ya ce in dawo mu sha ruwa tare.

Wannan tambaya ce ta sa na ɗauki alƙalami. A 'yan shekarun nan matasanmu masu takardar makaranta suna ta fita aiki, wasu Akara, wasu Abijan, wasu Duwala, wasu Saudiyya da Ingila. Yawancinmu da wasiƙar ɗaukar aiki a jaka da waya a hannu muke fita, muna ganin sun isa. A ganina ba su isa ba, kuma abin da ya rage ba sabon abu ba ne, kakanninmu sun daɗe da shi: mai masauki. Duk wanda aiki ya kai baƙuwar ƙasa, kada ya miƙa wa kowa kuɗin gida sai ya sami mutumin da zai ce "wannan baƙona ne" a ji maganarsa. A kusan kowane babban gari na wannan yanki akwai irin wannan mutum, a zango yake zaune, mu ne muke kewaye shi.

Ni akanta ne. Kamfanin da nake wa aiki ya buɗe reshe a Kamaru, aka turo ni da kuɗin masaukin wata guda da na kama gida. Na bi ta Yola na shiga Garwa, na hau mota zuwa Ngaundare, daga nan jirgin ƙasan dare, wanda ke cin kilomita 622 ya sauke ka a Yawunde da hantsi. Tun a cikin jirgi wani falke da muka haɗa kujera ya ce in na sauka in ce wa mai tasi Birik kawai, zan tarar da 'yan'uwa. Na yi masa godiya, amma a raina na riga na yanke ba can za ni ba. An gaya mini unguwar cunkoso ce, lunguna matsattsu, kwatoci a buɗe, kuma na ɗauka wurin 'yan tireda da masu tsire ne, ba na ma'aikacin ofis ba. Cunkoson gaskiya ne, kwatocin ma gaskiya ne. Ƙarshen tunanin ne kuskure, girman kai ne ya haife shi, kuma na san ba ni kaɗai ke ɗauke da irinsa ba. Juma'o'i biyu na farko a babban masallacin Tsinga na yi su, wanda Saudiyya ta gina. Ina idarwa in tare tasi in koma otal, ban gaisa da kowa ba.

Neman gida kuwa ta waya na fara, ta tallace-tallacen Facebook da lambobin da ake rubutawa da alli a allunan bakin titi. A nan na koyi lissafin haya na Yawunde, kuma ya kamata mai zuwa ya san shi tun kafin ya taso. A Kano mun saba da kuɗin shekara. A nan a baki haya ta wata-wata ce, amma ranar shiga sai a ce ka zube na wata shida, wani takwas, wani goma, wani ma shekara cur. Shi suke kira "avance". A kansa akwai "caution", kuɗin ajiya na wata ɗaya ko biyu, wanda aka ce za a mayar maka ranar fita in ba ka ɓata komai ba. Sai la'adar dillali, kuɗin wata guda. Kafin duk wannan akwai kuɗin ganin gida, da za ka biya tun ba ka ga ko ƙofa ba, kuma kai ne mai biyan tasin ku biyu. Gidan da aka yi maka tallarsa a sefa 100,000 sai ka ga ranar shiga yana neman 1,300,000. Sunayen ma sai an koya: "studio" a nan ciki da falo ne da kicin da banɗaki, in aka ƙara masa "moderne" ana nufin banɗakin a ciki yake ba na haɗaka ba. A cikin kwana 18 na ga gida 11, na biya kuɗin gani sau tara, kuma uku daga cikinsu ba su ne na cikin hoton ba.

Na goma sha ɗayan shi ya kusa cinye ni. A Cité Verte yake, a hawa na uku na ɗaya daga cikin benayen kamfanin gidaje na gwamnati da ake kira SIC, wanda aka kafa tun 1952. Ɗaki biyu da falo, taga tana kallon tuddai, iska na shiga ta ko'ina. Mutumin da ke riƙe da mukulli ya ce na yayansa ne da aka mayar Duwala, in kawo na wata takwas in shiga, ba sai an yi wata takarda ba. Na ba da 50,000 kafin alƙalami, da alkawarin cikawa ranar Litinin. Wannan ya faru ranar Laraba, kwana biyu kafin ƙusa ta yaga mini wando.

Da muka sha ruwa a ƙofar shagon, kunun gyaɗa da ƙosai da dabino a kan tabarma, ina ba dattijon telan, wanda nake kira Baba, labarin gidan cike da murna, sai ya ce, "Takardar gidan, sunan wa ke jiki?" Na ce na yayan. Ya ce, "To kai a wajen masu ginin ba ka nan. Sun hana mai haya ya ba wani haya. Ranar da suka zo bincike, ko ranar da yayan ya daina biyansu, kayanka waje, kuma ba ka da ko guntuwar takarda da za ka nuna." Ya aiki ɗansa da ni washegari mu karɓo kuɗin. Wayar mutumin ba ta sake shiga ba. Na yi asarar 50,000, na tsira da abin da ya ninka ta sau goma sha.

A daren Juma'ar nan Baba ya sa aka share mini ɗakin ɗansa da ke bayan shago. Mako huɗu na yi a ciki, har bayan ƙaramar Sallah.

Ya kamata mai karatu ya san cewa abin da dattijon nan ya yi ba kirki ne kawai na mutum ɗaya ba, tsari ne mai tarihi. Jamusawa sun kafa sansaninsu a Yawunde a 1889, ba a daɗe ba fataken Hausa suka gangaro daga Adamawa ta Tibati da Yoko suna neman hauren giwa da goro. An yi ta matsar da unguwarsu yadda gari ke faɗaɗa, har a shekarun 1930, zamanin Faransawa, suka tabbata a wurin da Ewondo, masu ƙasar, ke kira Ekoudou. Sunan Briqueterie daga wurin gasa bulo da aka yi a nan zamanin Turawa ya samo asali. Yau Hausawa ne da Fulani da Barebari da Bamun da mutanen Nijar da Mali da Senegal, amma a bakin mutanen kudu duk Hausa ne. Falken da ya iso irin wannan zango a da ba ɗaki yake nema ba, maigida yake nema, wanda wasu ke kira fatoma. Maigida zai ba shi wurin kwana, ya ajiye masa kaya da kuɗi, ya haɗa shi da dillalin da ya yarda da shi, in an sayi shanunsa ko goronsa bashi shi ne mai lamuni. Haka aka yi a Salaga, haka a zangon Kumasi, haka a Sabo ta Ibadan da aka kafa a 1916. Har yau a Yawunde mai kanti ɗan arewa "maguida" yara ke kiransa. Kalmarmu ce ta maigida ta shiga bakinsu, kuma ina ganin ba banza ba ita ce ta shiga.

Da Baba ya karɓi neman gidan a hannunsa sai na ga ashe ban taɓa duba gida ba, kallo kawai nake yi. Ba ya barin a je da rana tsaka kawai. Akwai wani gida a unguwar Madagascar da na so ƙwarai, shiru, ga bishiyar mangwaro a tsakar gida. Ya ce a koma daren Asabar. Muka koma da ɗansa a babur bayan asham, muka tarar rumfar da na ɗauka ta mai wankin mota ce ta zama mashaya, lasifika biyu a jingine da katangar ɗakin da zan sa 'ya'yana. Wani gidan kuma ya ce a je bayan sallar asuba a murɗa famfo, a kuma ƙirga jarkokin da ke ƙofar maƙwabta, domin jarka ba ta ƙarya. Ya koya mini tambayar ko mitar wuta tawa ce ni kaɗai ta kati, ko ta haɗaka ce da mai gida zai riƙa yanka wa kowa rabonsa a ƙarshen wata, abin da ya fi komai haddasa faɗa a gidajen haya. Ya ce in na ga jan fenti an yi alamar gicciye a bangon unguwa in juya, hukumar birni ce ta yi wa wurin alamar rusau.

Amma darasin ruwan sama shi ne ya fi zama a raina, saboda mutumin Kano ba shi da idonsa. Yawunde a kan tuddai take, tsayinta daga teku ya kai mita 700 da wani abu, damina biyu take yi a shekara, ɗaya daga Maris zuwa Yuni, ɗaya daga Satumba zuwa Nuwamba, ruwan da ke zuba kuwa ya kusa ninka namu sau biyu. A nan kowane gida ko dai yana saman wani ko yana ƙarƙashin wani. Wata rana hadari ya haɗo, Baba ya rufe shago ya ce, "Tashi, yau ne ranar ganin gida." Muka je wani da ke gindin gangare, sabon fenti fari tas. Muna tsaye a falo ruwa ya kece, cikin minti 20 hanyar da muka bi ta zama jan rafi yana tunkuɗo leda da gorar roba zuwa bakin ƙofa. Baba ya tsuguna, ya sa farce ya kankare fentin kusa da ƙasa, sai ga layin danshi baƙi ƙirin da ya kai gwiwa. Bai ce komai ba, ya nuna mini da yatsa.

An kuma kai ni wani a kan gangaren Mbankolo, mai arha da kyan gani, garin duka a shimfiɗe a gabanka. Baba ya dubi tudun da aka yanke a bayan ɗakin kwana, jar ƙasa tsaye kamar bango ba abin da ya tokare ta, ya ce ba da yawunsa ba. Ranar Lahadi 8 ga Oktoban 2023 aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, katangar da ke riƙe da wani tafki a saman Mbankolo ta karye, ruwa da laka suka gangaro kan gidaje, mutum kusan 30 suka rasu. Gidan da aka nuna mini ba ya cikin waɗanda suka tafi, yana nan har yau. Amma da na ga hotunan wurin washegari na daɗe ban iya magana ba. Talakawa ne da baƙi ke hawa irin waɗannan gangarori, domin nan ne kuɗinsu ya kai, kuma baƙo ya fi kowa shiga haɗari tunda bai san abin da zai ji tsoro ba.

A ƙarshe Cité Verte ɗin dai na koma, amma ta ƙofar gaba. Unguwar ba cikin Birik take ba, ko da yake ƙaramar hukuma ɗaya ce ta haɗa su, wato Yawunde ta Biyu. Kasuwar Mokolo ce a tsakani, tasi ɗaya ke kai ka. An fara gina benayenta tun shekarun 1970, zamanin Ahmadu Ahidjo, domin ma'aikata, ga asibitin gunduma, ga makarantar sakandare, ga itatuwan da suka sa aka kira ta koriyar unguwa. A bayan benayen akwai gidajen mutane na kansu, a nan Baba ya san wata dattijuwa Ewondo, malamar makaranta da ta yi ritaya, mijinta ya rasu. Shekara da shekaru shi ke ɗinka mata atamfar bikin ranar mata ta 8 ga Maris, wadda matan Kamaru ke yin anko da ita. Tana da sashe a bayan gidanta, ɗaki biyu da falo, sefa 95,000 a wata.

Da ta ji daga Najeriya nake fuskarta ta canza. Ta ce wata goma da ajiyar wata biyu, ba ragi. Ta faɗi dalili ba ɓoye-ɓoye: wanda ya fita baƙo ne, ya kwashe kayansa da tsakar dare da bashin wata huɗu, ba ta san garinsu ba, ba ta san kowa nasa ba. Baba ya bar ta ta gama. Sannan ya yi mata magana a hankali, Faransanci yana surkawa da Ewondo, ɗansa yana fassara mini a kunne. Ya ce, "Mama, yaron nan a ɗakina yake kwana. In ya gudu kin san shagona." Ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Kai na ba wa gidan, ba shi ba." Aka tsaya a kan wata uku da ajiyar wata ɗaya, aka rubuta yarjejeniya da sunana, Baba ya sa hannu a matsayin shaida. Ba dillali, ba la'ada.

A wurin nan na gane abin da nake so kowa ya gane. Watannin nan goma da ake ɗora wa baƙo ba kuɗin gida ba ne, kuɗin rashin sani ne. Matar nan ba azzaluma ba ce, fanshonta ƙarami ne, hayar nan ce abincinta, kuma an taɓa cutarta. Ba ta da hanyar sanin ko ni wane ne, don haka ta nemi kuɗi su tsaya mata a madadin sani. Wasiƙar kamfanina ba ta yi mata komai ba, ba ta san kamfanin ba. Maganar tela ɗaya da ta sani shekara 20 ita ta sauke sefa 760,000 daga kaina a zama ɗaya. Babu wata manhajar waya da za ta yi wannan, domin manhaja ba ta da shagon da za a je a same ta.

Sauran koyon zama ya zo da sauƙi tunda akwai wanda za a tambaya. Tasi a nan ruwan ɗorawa ce kuma ta haɗaka: ka tsaya bakin titi, in ta rage gudu ka faɗi inda za ka da abin da za ka biya, in direba ya danna ham ya yarda, in ya wuce sai ta gaba. Kuɗin hukuma 300 ne lokacin da na zo, a Fabrairun 2024 ya koma 350. Da na je buɗe asusun banki aka ce in zana taswirar hanyar gidana da hannu, domin a nan da mararraba da gangare da sunan kanti ake kwatance, ba da lambar gida ba. In ka ji "couscous" a gidan abinci tuwon masara ne. Filogin kayan wutarmu mai baki uku ba ya shiga soket ɗinsu mai rami biyu. Wani abokin aikina ɗan Maraɗi ya zo da jikkunansa yana ganin sefa sefa ce, ya tarar ta yammacin Afirka ba ta sayen ko burodi a nan sai an canza, ko da yake darajarsu ɗaya. Batun takardu kuwa ba wasa: Kamaru ba ta cikin ECOWAS, wanda zai zauna ya yi aiki dole ya nemi katin zama a wajen hukumar shige da fice.

Da maiɗakina ta iso da yara bayan babbar Sallah na ga cewa mace ta fi namiji bukatar mai masauki, kuma ita ce ba a tunawa da ita. Ni ina fita ofis da safe, ita ke wuni a gidan da ba zaure, tsakar gida ɗaya da mutanen da ba ta jin yarensu. Makonta biyu na farko kullum na dawo sai in tarar idonta ya yi ja. Matar Baba, wadda muke kira Inna, ita ta zo da kanta ta ɗauke ta zuwa Mokolo, ta nuna mata layin da ake samun kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da geron da ake kawowa daga arewa, da mahaucin da za ta tsaya a wajensa, ta kuma sa ta a islamiyyar matan Birik. Sannan ta yi mata wata nasiha da ban zata ba: "'Yata, kada ki rufe ƙofa. Ki gaida matar nan mai gidanku kowace safiya, ko da hannu ne." Yau Mama mai gidan ce ta koya mata wanke shuwaka har ɗacin ya fita a yi ndole da gyaɗa, ita kuma ta koya wa Mama dambun nama. Ranar layya cinya guda ta Mama ce, in an kawo mata agada daga ƙauyensu kuwa nono guda namu ne. Da ƙaramarmu ta yi zazzaɓi da daddare ina Duwala, Mama ce ta goya ta zuwa asibiti.

Na san abin da za a ce, domin an faɗa mini a fuska. Za a ce zango kurkuku ne, wanda ya shiga ba ya fita: akwai mutanen da suka shekara 30 a Yawunde ba su iya haɗa jimla biyu ta Faransanci ba, ba su da aboki ko ɗaya da ba Musulmi ba. Gaskiya ne, na gan su. Amma ban ce a tare a zango ba, cewa na yi a sauka. Maigidan kirki ba ya riƙe baƙo, sallamarsa yake yi zuwa inda ya dace da shi. Baba ne da kansa ya ce kada in kama gida a Birik: ya ce yarana suna bukatar wurin wasa da makaranta kusa, ni kuma aikina da mutanen gari ne, in zauna cikinsu in ji maganarsu. Shi ya kai ni gidan Kirista, ba ni na kai kaina ba.

Za a kuma ce ba kowane mai masauki ne na Allah ba. Wannan ma gaskiya ne, kuma ya fi na farko nauyi. A zango akwai wanda zai haɗa baki da dillali a raba la'ada a kanka. Akwai wanda zai ce ka kawo kuɗi ya yi maka katin ɗan ƙasa ta bayan fage, abin da zai iya kai ka gidan yari ya kuma jawo wa unguwar duka zargi. An yi mini wannan tayin, Baba ya kori mutumin daga shagonsa. Bambancin shi ne macucin zango yana da adireshi. Yana da limamin da yake bi salla, da sarkin unguwa da za a kai ƙararsa, da surukai da za su ji kunya. Wanda ya tafi da 50,000 ɗina lambar waya kawai yake da ita. Don haka ba kowa za ka faɗa hannunsa don yana jin Hausa ba. Tun daga gida ake tambaya, wajen 'yan kasuwar Kantin Kwari da na Dawanau da ke da abokan ciniki a can, ko a je wajen liman a ce a haɗa ka da mutumin kirki mai sana'a a fili.

Akwai kuma magana da ta hau kanmu mu 'yan boko, wadda ita ce ta fi damuna. Wannan tsari yana tsufa tare da masu shi. Falken da yake sauka a da yana barin la'ada, yana dawowa baɗi, 'ya'yansa su sauka wajen 'ya'yan maigidansa, shi ya sa abin ya ɗore. Mu kuwa sai mu ci moriya mu koma unguwannin manya, sai dai a gan mu ranar Idi. In haka ta ci gaba, 'ya'yan su Baba ba za su ga dalilin share wa kowa ɗaki ba. Muna da abin bayarwa. A Birik akwai mutanen da ake ba takardar haya ko ta haraji su dangwala yatsa ba su san abin da ke ciki ba, akwai 'yan kasuwa masu juya miliyoyi ba littafin lissafi, akwai yaran da ke bukatar mai duba musu darasi. Ni kowace Asabar bayan la'asar ina zama a shagon Baba da biro, duk mai takarda ya kawo. Likitanmu da injiniyanmu da malaminmu da ke Akara da Kwatano da Libarbil kowa yana da irin wannan awa biyun. Kamfanoni da ma'aikatun da ke tura mutane waje su ma su sani cewa kuɗin otal na wata guda ba shi ne saukar ma'aikaci ba; kafin ya tashi a nema masa sunan mutum, ba sunan otal kaɗai ba.

Daren Talatar da ta wuce Baba ya kira ni. Yanzu idonsa ya yi rauni, ɗansa ne ke kan keke. Ya ce, "Malam, akwai wani yaro ɗan Katsina, injiniyan waya, jirgin gobe zai sauke shi. Ɗakin bayan shago akwai baƙo a ciki." Na ce, "Baba, a turo shi." Muka kwashe kayan wasan yara daga ƙaramin ɗaki, maiɗakina ta shimfiɗa sabon zanin gado, na je na sanar da Mama za mu yi baƙo na 'yan makonni, ta ce in nuna masa inda ake shanya. Da hantsi na tsaya a bakin tashar jirgi da laima biyu. Ya fito da akwati ɗaya da jakar kwamfuta, muka gaisa, tun kafin mu kai wurin tasi ya ciro waya ya nuna mini hoton wani gida da ya gani tun yana Katsina, fari tas, mai shi ya ce in ya tura rabin kuɗi yau za a ajiye masa. Na ce ya mayar da wayar aljihu tukuna, Baba yana jiranmu da shayi.